Yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai kafa shagonsa a intanet, makullan kuma su zauna a hannunsa

Ga yadda abin yake faruwa a yawancin shaguna. Mai atamfa a Kantin Kwari ya miƙa wa yaron shago waya ya ce, "Kai Musbahu, buɗe mana Instagram ɗin nan da ake yi." Yaro ya buɗe da lambarsa da imel ɗinsa, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Ciniki ya kankama, mabiya suka taru. Bayan shekara biyu aka sallame shi ko aka ɓata, sai shafin ya bi shi, da hotunan, da lambobin masu sayayya, da duk amincin da aka tara. Mai shago ya koma kamar bai taɓa farawa ba.

Abubuwan da ƙaramar sana'a ke buƙata a intanet ba su da yawa: layin waya, imel, suna mai rajista, asusun banki na kasuwanci, WhatsApp Business, alama a taswirar Google, shafi a dandalin sada zumunta, hanyar aika kaya, sai daga ƙarshe shafin intanet na kanka idan ana buƙatarsa. Jerin da za ka bi wajen kafa su shi ne babban al'amari, domin kowanne yana rataye ne a wuyan wanda ya gabace shi.

Layi da imel: nan ne makullan suke

Sayi sabon sim don sana'ar kawai, ka yi masa rajista da lambar NIN ɗinka, kai mai dukiyar. Kada ka yi amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan ƙaninka ko wanda aka saya a bakin titi an riga an yi masa rajista. Ranar da waya ta ɓata, kamfanin sadarwa ba zai yi maka welkom bak ba sai wanda sunansa ke kan layin ya zo da kansa. Kuma duk lambobin tabbatarwa na banki da na WhatsApp da na Facebook ta wannan layin suke shigowa, wanda ya riƙe shi ya riƙe komai.

Layin ya riƙa aiki. Sim ɗin da aka cire aka jefa a durowa, ba kira ba sayen kati, kamfani yana rufe shi bayan kimanin wata shida, daga baya kuma a sayar wa wani da lambar. WhatsApp ma yakan share asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba. Ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, ta yadda ɓarawon waya ba zai cire shi ya sa a wata wayar ya shiga asusun bankinka ta lambobin USSD ba.

Da wannan layin za ka buɗe Gmail da sunan sana'ar. Kunna matakin tsaro na biyu, sannan ka sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, ka rubuta su a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida ko na shago. Daga nan, duk abin da za a buɗe, da wannan imel da wannan layin za a buɗe shi, ko da wani ka ɗauka ya yi maka aikin. Ka zauna kusa da shi, kai za ka danna kalmar sirri da hannunka.

Suna da rajista

Kafin ka kashe ko kwabo a kan allon shago ko leda mai tambari, gwada sunan a wuri huɗu a zama ɗaya: rumbun binciken sunaye na CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da sana'o'i ta Najeriya, Instagram, Facebook, da wajen masu sayar da adireshin intanet. Ana son suna guda ya samu a ko'ina. Ka zaɓi wanda idan ka faɗe shi a waya mutum zai iya rubutawa ba tare da ka yi masa baƙi da wasali ba. Haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ da ɓ ba sa shiga sunan asusun Instagram, don haka idan sunan shagonka "Ƙwarya" ne, a can "kwarya" zai koma, ka tabbata wannan bai sauya ma'anar zuwa abin da ba ka so ba.

Rajistar sunan kasuwanci a CAC ana yin ta ne ta shafin hukumar. Za ka buɗe asusu, ka nemi a keɓe maka sunan, idan an amince ana riƙe maka shi kwana 60. A cikin wannan lokacin za ka cike bayanan mai sana'a, adireshi, irin sana'ar, lambar NIN, hoton fasfo da sa hannu, ka biya, sannan ka sauke takardar shaida mai lambar BN, wato lambar rajistar sunan kasuwancinka. Abin da ya fi jawo a mayar wa mutane da takardunsu shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin abin da suka rubuta da abin da ke kan NIN, sai kuma sa kalmomi irin su Federal, National ko Group, waɗanda ke buƙatar izini na musamman. Bayan rajista akwai rahoton shekara-shekara da ake shigarwa, wanda ya yi sakaci tara tana taruwa masa. Idan wakili ne ya yi maka, ka tabbata imel ɗinka da lambarka ya sa a takardun.

A kula: rajistar CAC ba ta hana wani buga tambarinka a jikin kayansa. Wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Mai haɗa yaji, man shafawa ko abin sha a kwalba kuma yana buƙatar lambar NAFDAC. A Nijar, abin da ya yi daidai da wannan mataki shi ne samun RCCM (rajistar kasuwanci) da NIF (lambar haraji) ta hannun ofishin Maison de l'Entreprise.

Karɓar kuɗi

Da takardar CAC za ka buɗe asusu da sunan sana'ar, a banki ko a kamfanoni irin su Moniepoint. Amfanin wannan a intanet babba ne. Matar da ke Fatakwal ta ga leshi a shafin shagonka, ta sa lambar asusu sai ta ga sunan wani mutum daban ya fito, a nan take take janye hannu, kuma tana da gaskiya, domin haka 'yan damfara suke yi. Sunan da ke kan shafi, da na kan asusu, da na kan rasit su zama ɗaya.

Doka guda ka kafa wa kanka da yaranka: ba a sakin kaya da hoton rasit ko saƙon alat. Ana ƙera su na bogi cikin minti biyu. A buɗe manhajar banki a ga kuɗin ya hau kan balas. Idan mai saye ya ce an cire masa kai kuma ba ka gani ba, ya turo lambar da ake kira Session ID, mai alƙaluma 30, da ita banki ke bin sawun kuɗin. Akwai kuma dabarar "na yi kuskure na turo fiye da kuɗin, maido min da ragowar". Kada ka maido komai sai ka ga kuɗin da idonka, kuma asusun da ya turo shi kaɗai za a mayar wa.

Idan oda ta fara yawa har duba alat ɗaya bayan ɗaya yana cin lokaci, ko kana son karɓar kuɗi ta kati, sai a koma ga kamfanonin karɓar biya kamar Paystack ko Flutterwave. Suna ba ka mahaɗin biya da za ka tura wa mai saye, su kuma tabbatar maka an biya. Ka san ladansu kafin ka sa farashi. A jadawalin da Paystack ya daɗe a kai, ana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, ana yafe naira 100 ɗin idan cinikin bai kai 2,500 ba, kuma ladan ba ya wuce naira 2,000 komai girman cinikin. Wato turmin atamfa na 20,000 za a cire maka 400, kwalbar humra ta 2,000 kuma naira 30. Kuɗin yakan sauka asusunka washegari idan ranar aiki ce, don haka cinikin Juma'a da yamma sai Litinin. Mai juya jari kullum ya sa wannan a lissafi.

WhatsApp Business: ainihin kantar

A ƙasar Hausa nan ne ake ƙulla ciniki, sauran wuraren jawo mutane kawai suke yi zuwa nan. Manhajar kyauta ce, daban take da WhatsApp na yau da kullum. Sa ta a kan layin sana'a, kuma kafin komai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu: lambar sirri mai alƙaluma 6 da imel ɗin sana'a. Yawancin asusun da ake sacewa ta hanya ɗaya ake sace su. Wani zai kira da ladabi ya ce daga ƙungiyarku ta 'yan kasuwa yake, za a yi taro ko za a raba tallafi, an turo maka wasu lambobi ka karanto masa. Waɗannan lambobin su ne makullin asusunka. Da ya shiga sai ya bi masu sayayyarka yana karɓar kuɗi da sunanka.

Cike bayanan shago: adireshi, lokacin buɗewa da rufewa, har da hutun sallar Juma'a. Sannan katalog, wanda ke ɗaukar kaya har 500. Kowane kaya a ba shi lamba da farashi da awo. "Shadda ruwan makuba, yadi 5, lamba SH-14" ya fi hoto tsirara da za a yi ta tambayarka "nawa wannan?" sau arba'in a yini. Ɓoye farashi da cewa a biyo ta ciki yana korar masu kunyar tambaya, kuma su ne suka fi yawa.

Tanadi amsoshin gaggawa na tambayoyin da ke maimaituwa: lambar asusu, kuɗin aike zuwa manyan garuruwa, ƙa'idar canza kaya. Yi amfani da alamomin launi wajen raba hira: sabuwar oda, an biya, an aika, bashi. Idan yara biyu ne ke amsa saƙo, haɗa wayoyinsu a matsayin na'urorin da aka jona, ana iya jona har 4, babbar wayar tana hannunka, ranar da wani ya bar aiki ka cire shi da dannawa ɗaya.

Mahaɗin da zai kawo mutum kai tsaye cikin hirarka shi ne wa.me/ sai 234 sai lambarka ba tare da sifirin farko ba, na Nijar kuma 227. Barin sifirin nan shi ne kuskuren da ke sa mahaɗi ya ƙi buɗewa. Jerin aika saƙo ga jama'a yana ɗaukar mutum 256, kuma wanda ya ajiye lambarka ne kawai zai samu. Kada ka sayi tarin lambobi kana jefa mutane cikin rukuni ba da yardarsu ba, kuma ka nisanci jabun manhajoji irin su GB WhatsApp. Duka biyun suna jawo WhatsApp ya rufe maka asusu, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana amfani da lambobin mutane ba da izininsu ba.

Taswirar Google

Wannan kyauta ne, kuma shi aka fi mantawa. Baƙon da ya sauka Kaduna ya rubuta "mai gyaran waya kusa da ni" ba Instagram zai duba ba. Ka buɗe Google Business Profile da imel ɗin sana'a, ka sa sunan kamar yadda yake a allon shago, ba ƙari. Cusa kalmomin talla cikin sunan yana sa Google ya dakatar da shafin. Tsaya a ƙofar shagon ka ja alamar taswira da yatsa zuwa daidai wurin, domin a unguwannin da lambobin gidaje ba su bi tsari ba, rubutaccen adireshi yakan jefa alamar can wani layi. A bayanin kwatance ka yi irin namu: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu hannun dama.

Sau da yawa Google zai nemi bidiyon tabbatarwa. Ana ɗaukarsa a jere ba yankewa: titi da shagunan maƙwabta, allon sunanka, kana buɗe kwado ko kana shiga bayan kanta, sai kaya da rasit mai sunan shago. Wanda ba shi da allo na dindindin yakan sha wahala a nan, don haka a fara kafa allo. Matar da ke sana'a a cikin gida ba dole ta bayyana gidanta ba, akwai zaɓin ɓoye adireshi a nuna yankin da take kai kaya kawai.

Dandali guda, da hoton gaskiya

Ɗauki dandali ɗaya ko biyu da za ka iya ciyarwa kullum. Kayan sawa, turare, kayan ɗaki da abinci sun fi tafiya a Instagram da TikTok. Kayan noma, motoci, filaye da kayan gini sun fi samun mutanensu a Facebook. A Facebook ka buɗe shafin kasuwanci, domin asusun mutum yana tsayawa a abokai 5,000. Ta Meta Business Suite, manhajar kula da shafuka ta Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, za ka ba ma'aikaci ikon wallafawa da amsa saƙo, cikakken iko ya zauna gare ka da wani amintacce guda, saboda ranar da asusunka ya samu matsala.

Hoto shi ne ke jawo rabin rigimar da ake yi da masu saye. Fitilar shago tana mayar da ruwan hoda ya koma ruwan goro, mai saye ta buɗe leda ta ce ba shi ta zaɓa ba. Ɗauki hoton yadi da hantsi, a inuwa kusa da ƙofa, a shimfiɗe kan farin ƙyalle, a goge gilashin kyamara, kada a sa masa tacewar da ke ƙara haske. Hoto ɗaya na turmin gaba ɗaya, ɗaya na kusa da zai nuna saƙa, sai gajeren bidiyo ana motsa shi a hannu. Ɗauko hoton wani a intanet ka ce naka ne yana kashe amana, mai hoton kuma yana iya kai ƙara a sauke shafinka.

Tallan da ake biya wa kuɗi a Facebook ko Instagram a fara shi da kaɗan, na kwana 5 zuwa 7, a gari ɗaya ko biyu da ka san kana iya kai kaya, maɓallin kuma ya kai mutum WhatsApp. Auna shi da yawan waɗanda suka saya. Ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan kuɗin talla. Mai iPhone ya biya ta burauza, domin biya ta cikin manhaja yana iya zuwa da ƙarin ladan Apple na kashi 30. Meta ba ta karɓar tallan kayan mata da maganin ƙarfin maza, kuma tana tsananta wa masu alƙawarin warkar da cuta ko rage ƙiba. Nacewa a kan irin wannan yana sa a toshe asusun tallan gaba ɗaya. Sayen mabiya kuwa asarar kuɗi ce, tunda ba mutane ba ne.

Aika kaya

Tun kafin oda ta farko ka san hanyoyinka uku: ɗan sahu ko mai babur na cikin gari, direban tasha na garuruwan kusa, da kamfani mai lambar bin sawu kamar GIG Logistics ko NIPOST na nesa da kaya masu tsada. Idan ta tasha ne, rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin ƙunshin da alƙalami mai kauri, ɗauki hotonsa, da lambar motar, da lambar direba, ka tura wa mai kaya nan take. Turare da duk abin da ke zuba a naɗe murfinsa da salatif, a sa a leda biyu kafin kwali. Rubuta ƙa'idarka a fili tun kafin a biya: wa ke biyan kuɗin mota, kwana nawa ake da shi na canji, yadin da aka yanka ba ya dawowa. Biya bayan karɓa ka taƙaita shi a cikin gari, na nesa kuwa aƙalla a biya kuɗin aike tukuna.

Shafin intanet na kanka

Mai sayar da turaren wuta ga mutum talatin a mako zai iya shekara bai buƙaci wannan ba, katalog da ƙaramin kantin kyauta irin na Paystack sun ishe shi. Wanda ke neman kwangila, ko sayar wa kamfanoni, ko fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau zuwa ƙasashen waje, shi kam yana buƙata, domin abokan hulɗarsa za su bincika shi.

Abu uku ne a ciki, kuma daban-daban ake biyansu. Na farko adireshin, wanda masu harkar ke kira domen. Masu ƙarewa da .ng da .com.ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana saye ta hannun kamfanonin da ta amince da su, da naira, kuma .com.ng ya fi araha. Haya ce ta shekara-shekara. Ko ba za ka gina shafi yanzu ba, ka kama sunan. Ka buɗe asusun da kanka, sunanka ya fito a matsayin mai shi. Maginin shafi da ya saya da sunansa ya zama mai gida, kai ɗan haya, kuma duk shekara abin da ya yanka maka shi za ka biya. Idan wa'adi ya wuce ba a sabunta ba, shafi da imel suna ɗaukewa tare, bayan ɗan lokacin rangwame kuɗin fansa ya ninka, daga nan kowa na iya saye. Sa ranar a kalandar waya da tunatarwar wata guda kafin ta.

Na biyu masaukin shafin, wato hostin. Ƙaramin ƙunshi na haɗaka, wanda ake raba masauki da wasu shafuka, ya isa shago. Ka tabbata yana da takardar tsaro ta SSL, wadda ke sa adireshi ya fara da https. Let's Encrypt na bayar da ita kyauta, kada a caje ka kuɗi mai yawa a kanta. Ka tambaya ko suna ajiye kwafin shafin kullum, da yadda ake dawo da shi.

Na uku ginin. Manhajar gina shafi ta WordPress, da ƙarinta mai suna WooCommerce idan za a yi ciniki a kai, shi ne wanda za ka fi samun mai gyara a kowane gari. Shafuka huɗu sun isa: kaya da farashi, bayanin sana'a da lambar BN, ƙa'idar aike da canji, sai hanyar tuntuɓa. A rage nauyin kowane hoto zuwa ƙasa da KB 200, domin masu sayenka da waya suke shiga, da datar da suke lallaɓawa. Gwada shi a ƙaramar waya a inda sabis ba shi da ƙarfi kafin ka amince. Ka hana magini sa maka jigo (wato tsarin kamannin shafi) ko ƙarin manhaja na sata, ta nan ake cusa ƙwayoyin cutar da ke mayar da shafin shago wurin tallan caca.

Imel mai sunan shagonka ana samunsa daga masaukin, ko Zoho Mail, ko Google Workspace. A sa masa bayanan MX da SPF da DKIM, waɗanda ke nuna inda wasiƙu za su sauka da tabbatar da cewa daga gare ka suke, a saitin adireshin, in ba haka ba wasiƙunka za su riƙa faɗawa kwandon shara na waɗanda ka aika wa. Sauyin yana iya ɗaukar awa 48 kafin ya kama ko'ina.

Biyan magini a raba shi: rabi a farko, ragowar ranar miƙa aiki. A ranar, ka zauna da shi ka karɓi shigar asusun adireshi, ta masauki, da ta babban mai kula da WordPress. Shiga kowanne da wayarka a gabansa, sauya kalmomin sirri, duba cewa imel ɗin dawo da asusu naka ne, ka rage matsayinsa zuwa mai gyara idan zai ci gaba da kula da shafin, sannan ka tura masa cikon kuɗinsa.